Kuɗin kallonmu, aljihun wa yake shiga?

Duk ranar da Real Madrid za ta kara da Barcelona, gidajen kallo na Kalfu da na birnin Tawa sai su cika maƙil. Samari su biya dala goma ko ashirin, injin wuta yana ruri, mai gida kuma ya tara ya biya Canal+ a ƙarshen wata. Amma a tambayi yaran nan sunan ɗan wasa guda na Ader FC, sai a ji tsit. Laifinsu ne? A'a. Abin da ido bai gani ba, zuciya ba ta ƙaunarsa.

Mu dubi Amurka, ƙasar da aka daɗe ana cewa ba ta san ƙwallon ƙafa ba. Babbar gasarta ta NASL, wadda har Pele ya buga a ciki, ta durƙushe bayan kakar 1984. Da FIFA ta ba ta Kofin Duniya na 1994, sai ta gindaya mata sharaɗin kafa gasar ƙwararru. Ƴan kallo sama da miliyan 3.5 suka shiga filaye, gasar MLS kuma ta fara a 1996 da ƙungiyoyi 10. Ta yi shekaru tana tafka asara, amma ba ta yarda ta ɓace daga akwatin talabijin ba. A 2022 kamfanin Apple ya sayi haƙƙin nuna wasanninta a kan dalar Amurka biliyan 2.5. Nunawa ce ta jawo ƴan kallo, ƴan kallo suka jawo kuɗi.

Mu ma mun taɓa ɗanɗanawa. Lokacin da Mena ta doke Masar da ci 1 da nema a Yamai a 2010, Musa Ma'azu ya zama sananne har a ƙauyukan Adar. Da ta je Kofin Afirka a 2012 da 2013, gidajen kallon nan dai su ne suka cika. Ashe ƙishirwar tana nan, guga ce babu.

Don haka muna kira ga Télé Sahel, wadda ake ciyarwa da harajin talaka, ta ware rana guda a mako domin gasar ƙasa, kuma kada kyamara ta tsaya a Yamai kaɗai. FENIFOOT ta fito da jadawali tsayayye, domin ba ɗan kasuwar da zai zuba kuɗin talla a wasan da bai san ranarsa ba.

Ku kuma alhazan Adar, masu safarar albasa zuwa Abijan da Akara, sunan shagonku a rigar yaran Tawa ya fi muku amfani da nasarar wata ƙungiya a Sifen. Ma'aikatan jiha da na magajin gari su gyara fili, su bayyana wa jama'a inda kuɗin tikiti yake tafiya.

In ba haka ba, za mu ci gaba da shayar da gonar wani, tamu tana bushewa. Allah ya sa masu iko su ji.