Dajin hanta: allura ta maye wuƙa, amma ga wa?

Dajin hanta ko an yanke shi, cikin shekara 5 yakan dawo wa kusan mutum 7 cikin 10. A Sin da Faransa yanzu likitoci kan soka siririyar allura ta fata, suna kallon na'urar hoto, su ƙone ƙullutun, musamman in bai wuce santimita 3 ba. In ya laɓe kusa da hanji, sai a ɗura ruwa ya raba su tukuna.

To mu fa? Mutumin Tawa ko Damagaram sai ciki ya kumbura yake isa Yamai, allura kuwa ba ta da sauran aiki. Tushen abin galibi ciwon hanta nau'in B ne, rigakafinsa ana so jariri ya samu cikin awa 24. Wadda ta haihu a gida, wa zai kai mata?