Muryar Wa Muke Ji A Cikin Faifan?

Daga Wakilinmu

A cikin watan Yuni na shekarar 2025 wata ƙungiyar makaɗa mai suna The Velvet Sundown ta ɓullo da faifai biyu a Spotify, watau kamfanin nan na ƙasar Suwidin mai rarraba waƙoƙi ta intanet. Kafin ka ce kwabo masu sauraronta sun haura miliyan 1 a wata. Amma waɗansu daga cikinsu suka shiga tambaya, ina makaɗan nan suka taɓa yin wasa a gaban jama'a, wane ɗan jarida ne kuma ya taɓa ganinsu ido da ido? Da surutu ya yi yawa, a watan Yuli sai masu abin suka amsa cewa muryoyin da kiɗan da hotunan duk da ƙirƙirarriyar basirar kwamfuta aka haɗa su.

Ra'ayin masu sauraro ya rabu biyu. Waɗansu suka ce tun da waƙar ta yi wa kunne daɗi, ina ruwansu da wanda ya rera ta. Waɗansu kuwa suka ce an yi musu sakiyar da ba ruwa, gama sun ba da zuciyarsu ga mutanen da babu su a duniya.

Wannan gardama tsohuwa ce. A 1989 faifan waɗansu samari biyu mazauna Jamus ta Yamma, Rob Pilatus da Fab Morvan, waɗanda aka sani da Milli Vanilli, ya yi kasuwa ƙwarai, har aka sayar da miliyan 6 a Amurka kaɗai. A watan Fabrairu na 1990 aka ba su lambar Grammy ta sababbin mawaƙa. Ran 14 ga Nuwamba na wannan shekara sai maigidansu Frank Farian, wanda shi ne ya kafa Boney M, ya fito fili ya ce samarin ba su rera ko baiti ɗaya ba a cikin faifan, waɗansu mawaƙa ne dabam suka yi aikin a ɓoye. Aka ƙwace lambar, masu saye suka kai ƙara kotu, daga bisani aka daidaita a kan a mayar musu da wani abu daga kuɗinsu.

Abin lura shi ne waƙoƙin ba su sake ba ko kaɗan. Faifan da jama'a suka yaba a watan Oktoba shi ne suka yi tir da shi a watan Nuwamba. Ashe ke nan mai sauraro ba sauti kaɗai yake saye ba, har da amana tsakaninsa da mawaƙin.

Mu a nan ƙasar mun san bambancin. Duk mai kallon fim ɗin Indiya ya san ba jarumar da ke rawa ce ke waƙa ba, muryar Lata Mangeshkar ce ko wata irinta, kuma ana rubuta sunanta kowa ya gani. Haka finafinan Hausa suka gada, ɗan wasa yana motsa baki, mawaƙi yana da sunansa da magoya bayansa. Ba wanda ya taɓa kai ƙara saboda wannan, domin ba a ɓoye wa kowa kome ba. Har wa yau, lokacin da jama'a ke aika wa shirin Zaɓi Sonka na Rediyon Kaduna katinsu, suna roƙon a sa musu Mamman Shata ko Ɗan Maraya Jos, sun san mutumin da suke zaɓa, da garinsu, da kalangunsa ko kuntiginsa.

Bayan maganar amana akwai ta abinci. Kamfanonin nan suna tara kuɗin da suka samu ne wuri guda, sa'an nan su raba wa masu waƙoƙi gwargwadon yawan sauraron da kowa ya samu. Saboda haka duk sauraron da ya tafi ga ƙungiyar da babu ita, daga rabon mawaƙi mai iyali aka yanke shi. Kamfanin Spotify da kansa ya faɗa a watan Satumba na 2025 cewa ya share waƙoƙin bogi fiye da miliyan 75 a cikin shekara guda. Wani kamfanin, Deezer na Faransa, ya fara manna shaida a kan faifan da kwamfuta ta haɗa tun a watan Yuni na wannan shekarar.

Lalle masu cewa daɗin kunne ya wadatar suna da nasu hanzarin, gama ba a tilasta wa mutum abin da zai so. Wanda ya ga dama ya saurari waƙar kwamfuta, ruwansa. Amma fa zaɓi ba ya cika zaɓi sai an san abin da aka zaɓa, kuma ba a sayen biri a sama. Idan yawan masu sauraro shi ne ma'aunin da gidajen rediyo da masu ba da lambobin yabo ke dubawa, to dole a tabbata ma'aunin nan ba shi da algus.

Ya kamata Hukumar Kare Haƙƙin Mallaka ta Nijeriya da gidajen rediyonmu su tashi tun da wuri, su sa ƙa'ida cewa kowane faifai ya zo da sunan wanda ya tsara waƙar, da wanda ya rera, da wanda ya yi kiɗan, in kuwa kwamfuta ce a faɗa a fili. Ɗalibai da ma'aikata masu sauraro kuma su riƙa tambaya kafin su yaba, gama irin wannan tambaya ce ta tona asirin The Velvet Sundown cikin 'yan makonni.