Ƙararrawar Gobara: Abin Koyi Daga Sikotilan

Tun daga ran 1 ga watan Fabrairu 2022 doka ta wajabta wa kowane gida a ƙasar Sikotilan, wadda ke arewacin Biritaniya, ya kasance yana da ƙararrawar gobara, ko gidan haya ne ko na kai, ko sabon gini ko tsoho. Kuma ba ƙararrawa ɗaya tilo dokar ta ce ba. Sai an sa ƙararrawar hayaƙi a ɗakin da iyali suka fi zama da rana, an sa wata a kowace hanya da ke tsakanin ɗakuna a kowane hawa na gidan, sa'an nan an sa ƙararrawar zafi a madafa. Dukansu a jikin silin za a maƙala su, kuma tilas su kasance a haɗe, wato in ɗaya ta yi kuka sauran duk su amsa nan take. Wannan sharaɗi na ƙarshe shi ne ƙashin bayan dokar, shi ne kuma muke so masu karatu da Hukuma su duba da idon basira.

Asalin dokar baƙin ciki ne. Da daren 14 ga watan Yuni 2017 wuta ta kama wani dogon bene mai hawa 24 a birnin Landan, wanda ake kira Grenfell, ta hallaka mutum 72. Daga firiji ta tashi, a madafar wani sashe da ke hawa na huɗu. Ya kamata a faɗi gaskiya a nan: ƙararrawar wannan sashe ta yi aikinta, ita ce ma ta ta da mai ɗakin daga barci. Abin da ya yi kisa shi ne rufin da aka lulluɓe bangon benen da shi ta waje, wanda ya kama kamar an zuba masa kananzir, kamar yadda rahoton ƙarshe na hukumar bincike ta Sir Martin Moore-Bick ya tabbatar cikin Satumba 2024. Ƙararrawa ba ta gyara mugun gini. Amma bayan wannan masifa Gwamnatin Sikotilan ta sake duba dokokinta kaf, sai ta ga wani giɓi: an daɗe da tilasta wa masu ba da hayar gidaje su sa ƙararrawa masu haɗe, alhali wanda yake zaune a gidan kansa ba abin da aka ɗora masa. Wuta kuwa ba ta tambayar takardar mallaka kafin ta shiga, kuma in ta cinye gidan wani maƙwabci ne na gaba. Cikin 2019 aka yi wa dokar gidaje gyara don a daidaita kowa.

Me ya sa aka nace sai an haɗa su? Dalili shi ne lokaci. Gwaje-gwajen da aka yi a Amurka cikin shekarun 1970 sun nuna cewa daga kukan ƙararrawa zuwa sa'ad da ɗaki zai gagari numfashi mutum na iya samun kamar minti 17. Da aka sake irin wannan gwaji bayan shekara talatin, da kayan ɗakin zamani, sai aka tarar lokacin ya ragu zuwa kamar minti 3. Katifar soso da kujerun kushin da labulen leda da tarkacen roba sun fi auduga da katako saurin ci, hayaƙinsu kuma ya fi dafi. Yawancin waɗanda gobarar gida ke kashewa ba harshen wuta ne ke fara taɓa su ba, hayaƙi ne ke shaƙe su suna kwance. Mutane da dama suna zaton warin ƙonewa zai farkar da su. Ba haka ba ne. Hancin mai barci ba abin dogara ba ne, iskar gubar da ke cikin hayaƙin ma ƙara nauyin barcin take yi.

To, a ce wuta ta tashi a falon ƙasa ƙarfe biyun dare, mai gida yana sama, tsakaninsu da ƙofa biyu a rufe, fanka kuma tana juyawa. Ƙararrawar falon za ta yi ta kuka da ƙarfinta, wanda bisa ƙa'ida ya kai desibel 85 daga nisan mita uku, amma kafin ƙarar ta ratsa bango da ƙofofi ta zama kamar kukan gyare a nesa. Sai hayaƙi ya hau bene kafin ta sama ta ji, a lokacin kuwa matakalar da za a bi a sauka ta riga ta cika. In suna haɗe, da zarar ta ƙasa ta ji, ta bakin ɗakin kwana ta ɗauka. Mintunan nan biyu ko uku da aka samu su ne na tashin yara da buɗe ƙofa.

Batun yara ma abin tsayawa ne. Bayan wata gobara da ta kashe yara shida 'yan gida ɗaya a birnin Derby na Ingila cikin 2012, 'yan kwana-kwanan yankin tare da masanan jami'a sun gwada ƙararrawa a kan yara 34 suna barci a gidajensu. Yara 27 daga ciki ba su farka ba ko sau ɗaya a duk gwaje-gwajen. Ma'anar wannan ita ce ƙararrawar da ke kusa da ɗakin yara ba za a dogara ta ta da su ba. Babba ake so ya ji, shi ya je ya ɗauko su. Ba kuwa zai ji ba sai in tasa tana haɗe da tasu.

A dā haɗa ƙararrawa aiki ne na mai gyaran lantarki, sai an fasa silin an ja waya ɗaki ɗaki, shi ya sa galibi a sabon gini kaɗai ake yi. Yanzu kowace na ɗauke da ɗan rediyo a cikinta da take aika wa 'yan'uwanta saƙo, ba ta bukatar intanet, ba ta bukatar wayar hannu. Batirin litiyam ne a ciki, a liƙe yadda ba mai iya cire shi ya sa a tocila, kuma yana kaiwa shekara goma, daga nan a sauya ƙararrawar ɗungum. Mai gida da kansa yana iya ɗaure su da kusa biyu, ya danna maɓallin da zai sa su san juna, sa'an nan ya gwada ɗaya ya zaga ya tabbatar duk sun amsa. Ta hayaƙi tana aiki ne da ɗan haske a cikin wani ƙaramin gurbi. In hayaƙi ya shiga ya watsa hasken sai ta yi kuka. Ta madafa kuwa ba ruwanta da hayaƙi, sai zafin iska ya kai wajen digiri 58. Hikimar raba su a fili take: in aka sa ta hayaƙi a inda ake suya, kullum za ta yi ta ihun banza, ranar da aka gaji kuma a ɓalle ta a jefa a kwaba. Haka ƙararrawa da yawa ke mutuwa. Ƙididdigar ƙungiyar kare gobara ta Amurka ta nuna kusan uku cikin biyar na waɗanda gobarar gida ta kashe a can, a gidajen da babu ƙararrawa suka mutu, ko akwai amma ba ta aiki.

Ba za mu ce komai ya tafi wa Sikotilan daidai ba. An so dokar ta fara aiki cikin Fabrairu 2021, aka ɗage ta shekara guda saboda annobar korona, da kuma ƙorafin cewa ba a sanar da jama'a yadda ya kamata ba. Gwamnati ta ƙiyasta kuɗin kayan gida mai ɗaki uku a kan fam 220, abin da ya yi wa tsofaffi masu cin fansho nauyi, har sai da ta ware kuɗi don a sa wa marasa hali da naƙasassu. Da wa'adi ya matso kayan suka yi ƙaranci a kantuna. Daga ƙarshe Hukuma ta bayyana cewa ba wanda za a gurfanar don bai sa ba. Wasu na ganin wannan ya mai da dokar kura ba haƙori. Mu dai a namu ganin kuskuren da ya fi girma shi ne kafa doka kafin a wayar da kan waɗanda za su biya.

Wannan magana ta shafe mu, watakila ma fiye da su. Gidan Bature dunƙule yake, ɗakuna a ƙarƙashin rufi ɗaya. Namu kuwa a warwatse: samari a shago kusa da zaure, mai gida a turaka, mata da ƙananan yara a can ciki, a gidajen ma'aikata kuma ga ɗakunan baya inda masu aiki da baƙi ke kwana. Wuta na iya cin rabin shago ba wanda ya ji a cikin gida. Ga ƙarafan da muka sa wa tagogi don tsoron ɓarayi, waɗanda ke mai da ɗaki kurkuku in ƙofa ta kama. Ga lantarki da ake ɗaukewa da yamma a dawo da shi tsakar dare, ya tarar an bar dutsen guga ko abin dafa ruwa a kunne. Ga man fetur na janareta a jarka a bayan ƙofa, ga kaskon gawayi da ake shiga da shi ɗaki lokacin hunturu. Dokar Sikotilan ta kuma bukaci a sa na'urar da ke jin iskar kabon monoksaid a duk ɗakin da ake ƙona gas ko gawayi ko mai don ɗumama ɗaki ko ruwa. Iskar nan ba ta da launi ba ta da wari, ita ce kuma ke sa a wayi gari a tarar da iyali duka sun rasu da janareta a kunne a baranda. Ƙararrawar hayaƙi ba ta jin ta. Na'urarta daban ce.

Ba kuma za a kwafo tsarin can a dasa a nan ido rufe ba. Ƙurar hunturu tana shiga gurbin ƙararrawar hayaƙi ta sa ta kukan ƙarya, sai ana share ta. Turaren wuta da maganin sauro na kunnawa su ma za su tsokane ta, don haka bakin ƙofa ta waje ya fi dacewa da ita a ɗakin da ake turare. Kusa da fanka ba wurinta ba ne, domin iska na kore hayaƙin. Zafin bazara yana rage kwanan batir, kaurin bango da nisan sassa kuma suna iya tare saƙon rediyo, shi ya sa gwaji daga kowane lungu ya zama dole. Madafar da ake girki da itace a tsakar gida ba ta bukatar komai daga cikin wannan. Babban abin tsoro shi ne jabun kaya, gama ƙararrawar da ba ta kuka ta fi rashinta illa, tun da an kwanta ne da zaton akwai mai gadi. Aikin Hukumar Kula da Ingancin Kayayyaki ta Ƙasa ne ta tsaya a kan wannan tun kafin kasuwa ta cika.

Ba mu kira a tilasta wa talaka sayen abin da ya fi ƙarfin albashinsa ba. Abin da muke cewa shi ne Gwamnati ta fara da inda ita ce mai gida: gidajen ma'aikata, barikoki, ɗakunan kwanan ɗalibai na sakandare da manyan makarantu, da gidajen marayu. A nan ne mutum ɗari ke kwana a dogon gini mai ƙofa ɗaya, malamin da ke kula da su kuma yana wani gida can gefe. Ba a manta da almajirai 17 da wuta ta cinye suna barci a Ƙauran Namoda ta Jihar Zamfara cikin Fabrairu 2025 ba. Ƙararrawa ɗaya a ɗakin yara, ɗaya a bakin ɗakin malam, a haɗe, kuɗinsu bai kai na fentin da ake yi wa ofis ɗaya in za a yi baƙo ba.

Muna kira ga Ma'aikatar Ayyuka da Gidaje ta sa wannan cikin sharuɗɗan kowace kwangilar gini ko gyaran gidan Gwamnati, Ma'aikatar Ilimi ta ɗora wa shugabannin makarantun kwana gwada ƙararrawa a farkon kowane zango tare da koya wa ɗalibai hanyar fita, hukumomin tsara birane kuma su daina amincewa da taswirar bene ko gidan haya mai sassa da yawa in ba a nuna wuraren ƙararrawa a ciki ba. Hukumar Kashe Gobara ita ta fi cancanta ta zaga ta duba, ta kuma buga sunayen gine-ginen Gwamnati da aka sa wa da waɗanda suka rage kafin shigowar hunturu.