Filin Manoma da Makiyaya: Tsohuwar mota sai da kiwo

Kaka ta yi a Yekuwa. Gero ya shiga rumbu, gyaɗa da wake da riɗi sun hau kasuwa. A wannan lokaci ne kuɗi ke shiga hannun manomi, a wannan lokaci ne kuma dillalan mota ke tunawa da ƙauye. Mutum ya sayar da amfanin gona, ya ƙara da bijimai biyu, ya sayo tsohuwar akori-kura don jigilar kaya da mutane ran kasuwa.

Niyyar mai kyau ce. Garin da ke da mota ba ya kwana da mai doguwar naƙuda, cikin dare ake kai ta asibitin Magarya. Amma wanda ya zaga garuruwan gundumar Magarya da ta Dungas ya ga motoci zaune bisa duwatsu a ƙofar gida, babu taya, kaji na ƙwai a ciki. Kowace ɗaya kuɗin shanun wani ce.

Motocin da ke isowa ƙauye duk sun ga jiya. Ga misalin Peugeot 504, wadda ake kira Fijo. A 1968 aka fara ƙera ta a Faransa. A 1975 aka buɗe masana'antar Peugeot a Kaduna, daga can ta cika ƙasar Hausa. A 2006 aka daina haɗa ta. Ke nan babu yarinya a cikinsu. Toyota da sauran waɗanda ake ce wa 'yan Baljiyam su ma sun gama aiki a Turai kafin jirgin ruwa ya sauke su. Tsufa kaɗai ba ya kashe mota. Abin da ke kashe ta a ƙasar rairayi shi ne ƙura, da zafi, da lodi, da mai ita da ke cinye kuɗin da ta kawo bai rage mata komi ba.

Maganar tana farawa tun ranar ciniki. Makiyayi ba ya sayen saniya sai ya buɗe bakinta ya ga haƙori. Mai sayen mota ya tafi da bakanikensa, ba na dillali ba. A je da sassafe, a tayar da inji yana sanyi, don injin da aka riga aka ɗumama yana ɓoye cutarsa. A tsaya bayan motar a dubi hayaƙi. Shuɗin hayaƙi, inji na ƙona baƙin mai, ya sha aiki. Baƙin hayaƙi, fetur na shiga fiye da ƙima, wannan da sauƙi. Farin hayaƙi mai kauri da ba ya ɗaukewa, ruwa ne ke shiga inji, gyaransa da tsada. A buɗe murfin baƙin mai. In an ga wani abu fari-fari kamar kindirmo ya manne, ruwa ya haɗu da mai, sai a yi sallama da dillali. A kwanta ƙarƙashi a duba shasi ko ya tsage an yi walda. A karanta lambar shasi, a gwada ta da wadda ke cikin takardar mallaka da ta duwan. Mota mai arha wadda ba ta da takarda, iyakarta shingen jandarma na farko.

In mota ta zo gida, sai kiwo. Kowace safiya, kafin a murɗa makulli, mai mota ya buɗe gaba ya duba abu 3: ruwa, baƙin mai, man birki. Aikin bai kai shan koko ba.

Ruwa shi ne na farko, don zafi ya fi komi kashe inji a bazara. Ruwan rijiyoyi da yawa na wannan yanki yana da gishiri ko kanwa-kanwa. Yadda yake barin farin dabbare cikin butar shayi, haka yake toshe ƙananan hanyoyin lagireto. Ruwan sama da aka tara cikin jarka mai tsabta ya fi shi, ruwan sanyaya inji na kanti ya fi su duka. In allurar zafi ta kai ja, a tsaya nan take, ko da gari na gani. Direbobi da yawa sun ce "bari mu ƙarasa, saura kaɗan", kilomita 3 suka ci musu inji. Kada a buɗe murfin lagireto inji na zafi, tafasasshen ruwa zai watsu a fuska. Kada kuma a kwara ruwan sanyi bisa inji mai zafi, kansa na iya tsagewa. A jira ya huce. Sau da yawa laifin ba babba ba ne: fanbel ne ya saki ko ya tsinke, ko tiyo ya huje. Shi ya sa fanbel na ajiya ba ya rabuwa da mota.

Sai ƙura. Inji yana shaƙar iska kamar ɗan Adam, kuma yana da matatar iska da ke tare masa ƙura. A hunturu, bisa hanyar rairayi, matatar kan cika cikin kwanaki kaɗan. Mota ta rasa ƙarfi, ta yi ta shan fetur. Nan ne wasu ke yin babban kuskure: su cire matatar su jefar, motar ta yi ƙarfi, su ce an gyara. Ba a gyara ba. Ƙurar tana wucewa ciki, ta haɗu da baƙin mai, ta riƙa niƙa ƙarfe kamar dutsen niƙa. Bayan 'yan watanni sai shuɗin hayaƙi. A fito da matatar kowane mako a kakkaɓe, in ta yage ko ta toshe a sayi wata.

Baƙin mai kuma ba a ƙara masa kawai, juye shi ake yi. Ga tsohon inji a ƙasa mai ƙura, kada a wuce kilomita 5000, kuma a sake matatar mai tare da shi. To, agogon kilomita na yawancin motocin nan ya mutu tun tuni. Sai a yi lissafi da tafiya. Daga Magarya zuwa Damagaram wajen kilomita 90 ne, zuwa da dawowa 180. Kafin a yi sawu 30 lokacin juye ya wuce. Wanda ya shiga ajin yaƙi da jahilci ga inda karatunsa zai biya shi: ya ajiye ƙaramin littafi cikin mota, ya rubuta ranar juye, da ranar sayen taya, da abin da bakanike ya sa da kuɗinsa.

Fetur na kwalba da ake saye bakin hanya yakan zo da ruwa ko datti. A tace shi da ƙyalle mai tsabta, kuma kada a juye na gindin jarka. Da can mutanen bakin iyaka sun saba da man Najeriya mai arha. A watan Mayu na 2023 gwamnatin Najeriya ta janye tallafin mai, kuɗinsa ya tashi. Matatar SORAZ ta Damagaram tana aiki tun 2011, amma ko man gida ba kyauta ba ne. Lissafin da aka yi a da, cewa mota na ci da kanta ko yaya aka tuƙa ta, ya daina aiki.

Lodi fa? An yi akori-kurar 504 don ta ɗauki tan ɗaya da ɗan kai, wato buhun gero 10 zuwa 12 na kilo 100. Ran kasuwa sai a ɗora 20, mutane su hau sama, a rataya awaki a gefe. Ribar ranar tana da daɗi. Sifirin ne ke biya, da taya, da birki. Birkin da aka yi don tan ɗaya ba ya tsayar da tan biyu, kuma mutanen da ke bisa kayan 'yan gari ne, kowa ya san uwar kowa. Masu zuba ruwan sabulu maimakon man birki su daina, yana sa tsatsa.

Taya ma tana da ranar haihuwa. A gefenta akwai lamba 4 a jere. Biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekara. In an ga 2318, an yi ta a mako na 23 na 2018. Taya 'yar gwanjo tana iya zuwa da zane mai kyau alhali robarta ta bushe, zafin kwalta ya fasa ta.

Ran da mota ta lalace, a riƙe bakanike ɗaya da aka yarda da shi. Yawo daga wannan gareji zuwa wancan yana ƙara ciwo, kowa ya kwance ya ɗaura nasa. A yi jinga kafin a taɓa ƙusa. Kayan gyara iri 3 ne: sabo na asali, da na hannu da aka ciro daga wata mota, da jabu mai kyan kwali. Ga birki da sitiyari, kada a yi rowa. Mai zuwa sayen kaya Damagaram ko kasuwar Ƙofar Ruwa ta Kano ya tafi da tsohon a hannu ya gwada, kuma bayan gyara ya karɓi wanda aka cire, don ya tabbata an sa sabon.

Saura kuɗi. In mota ta kawo jika 30 ran kasuwa, ba na mai ita ba ne duka. A cire kuɗin fetur da na direba da karen mota. Abin da ya rage a kasa shi biyu, kashi ɗaya na gida, kashi ɗaya na mota, a ajiye shi inda biki da suna ba za su kai gare shi ba. Daga nan juye zai fito, da taya, da inshora. In littafi ya nuna wata 3 a jere gyara na cin fiye da abin da ke shigowa, kada a kama wani bijimi a kai kasuwa don ta. A sayar da ita tun tana tashi da kanta, don wadda aka ɗora bisa duwatsu kuɗin ƙarfe kawai ake taya ta.