Kafin ku biya kuɗin takardar ISTQB

Iyayenmu ƴan kasuwa, in ɗanku ya nemi kuɗin jarrabawar ISTQB, kada ku yi saurin kwance bakin zane. Takardar shaida ce ta masu gwajin manhaja, masu farautar kuskure tun kafin kuɗin da kuka aika ta salula su ɓace. Matakin farko tambayoyi 40 ne, wanda ya ci 26 ya haye. Hadda kaɗai tana iya kai yaro can.

Tana da amfani kam, kamfanonin waje sukan duba ta wajen ɗaukar aiki. Amma ƙarin girma sai wanda ya taɓa kama kuskure da kansa. Ku tambaye shi: wace manhaja ka gwada, me ka gano? In ya yi shiru, ya nemi wurin koyon aiki tukuna.