Ranar da na ajiye PUBG na ɗauki baka da kibiya

Idan kana cikin masu raba dare a kan PUBG Mobile ko Free Fire ko Call of Duty Mobile, na san kana ganin ka iya saiti. Ni ma haka nake ɗaukar kaina, har zuwa wata Asabar da abokina ya ja ni filin da suke koyon harbin kibiya. Aka miƙo mini baka, aka nuna mini allo a nisan mita 18. Kibiyar farko ko allon ba ta taɓa ba. A ta biyu kuwa tsarkiya ta zabge ni a hannu, sai da na kwana uku da shatinta. Amma da la'asar na bar filin nan da wani irin daɗi da ban taɓa samu a waya ba, duk da shekarun da na yi ina cinye wasa.

Na daɗe ina tunanin dalili, kuma ga abin da na gano. A wasannin waya akwai tsarin da ke taya ka saiti, da ka kai kusa da abokin gaba sai manhajar ta ɗan ja maka hannu. In ka faɗi kuma kana da abin ɗora wa laifi, ko netwok ya ja, ko waya ta yi zafi, ko abokan wasa ba su iya ba. A gaban allo babu mai taya ka, babu kuma wanda za ka zarga. Inda kibiya ta sauka, aikin hannunka ne.

Shi allon launi biyar ne. Rawaya a tsakiya maki 10 da 9, sai ja 8 da 7, shuɗi 6 da 5, baƙi 4 da 3, fari 2 da 1. Da na fara samun farin, mai koyar da mu ya yi dariya ya ce harbi a wutsiya ya fi kuskure. Daga nan ya koya mini abin da ya canja ranar gaba ɗaya, wato in daina neman tsakiya, in nemi kibau su taru wuri guda. Idan shida suka taru a gefen hagu, ka iya harbi ke nan, saitin bakan kawai za a matsar zuwa inda suka taru. Idan kuwa ɗaya ta faɗa rawaya sauran suka watse, sa'a ce kawai. Taruwar nan ba ta samuwa sai tsayuwarka da numfashinka da inda tsarkiya ke taɓa haɓarka sun zama iri ɗaya a kowane harbi.

Wajen ƙarfe huɗu na sa kibau shida a cikin ja da rawaya, kusa da juna har tafin hannu zai iya rufe su. Babu wanda ya tafa mini, babu lambar yabo da ta fito a kan gilashi. Sai da na je cire su na tuna rabona da duba waya tun bayan azahar. Sama da awa biyu hankalina na kan abu ɗaya. Ka tambayi kanka yaushe rabonka da haka.

Wanda ya bi gasar Olamfik ta Paris a 2024 zai tuna Yusuf Dikec na Turkiyya, wanda hotonsa ya karaɗe kafofin sada zumunta. Yana da shekara 51, hannu ɗaya a aljihu, da tabarau irin na kowa, ya ci azurfa a harbin ƙaramar bindigar iska na mita 10 tare da abokiyar wasansa. Mutane suka yi ta raha cewa ko kayan aiki bai nema ba. Abin da hoton bai nuna ba shi ne tun 2008 yake zuwa Olamfik. Haka matan Koriya ta Kudu, sun ci zinare a harbin kibiya na ƙungiya sau goma a jere, daga 1988 zuwa 2024. Daga mita 70 suke harbi, kuma faɗin da'irar maki 10 santimita 12.2 ne kacal, bai kai tsawon wayar da ke hannunka ba.

Kada a ce na zo shafin fasaha ina zagin waya. Tana da aikinta a filin. Ka jingina ta a gefe ka ɗauki bidiyon kanka da tsarin da ke rage gudun hoto, za ka ga yadda kafaɗarka ke ɗagawa ko yatsunka ke fizgar tsarkiya, abin da ba za ka taɓa ji a jikinka ba. Akwai manhajoji irin su MyTargets da ke ajiye makinka da inda kowace kibiya ta sauka, ka kwatanta wannan mako da wancan. Agogon zamani zai nuna maka bugun zuciyarka, kamar yadda aka riƙa nuna na maharba a talabijin lokacin Olamfik ta Tokyo. Sharaɗina ɗaya ne, a kashe data. Saƙon WhatsApp guda ya isa ya watsa maka nutsuwar da ka yi rabin awa kana tarawa.

Na san akwai mai cewa, a wannan hali da Arewa ke ciki na 'yan bindiga da garkuwa da mutane, har wani zai fito yana yabon harbi? Tambayar tana kan hanya, kuma ita ce ta sa na zaɓi baka. A Najeriya mallakar bindiga sai da lasisi, kuma ba na ba kowa shawarar ya nemi wata hanya ta bayan fage. Shi ma bakan makami ne, shi ya sa filin yake da dokoki masu tsauri. Ba a ɗora kibiya sai an tsaya a kan layi, ba a juya baka wajen mutum ko da wasa, babu mai zuwa cire kibau sai kowa ya gama an ba da izini. Ni a ganina matashin da ya koyi wannan ladabi ya fi wanda ya san makami a waya kawai sanin nauyinsa, domin a waya in ka mutu sake wasa kawai za ka yi.

Abin ma ba baƙo ba ne a wurinmu. Baka da kwari kayan kakanninmu ne, kuma da yawanmu mun jera gwangwanaye a kan katanga mun gwada danƙo muna yara. Idan akwai ƙungiya ko filin koyo a garinku, ka je ko sau ɗaya, ka fara da baka mara nauyi, ka ɗaura abin kare hannu don kada ka sha irin zabgar da na sha. Kada ka yi gwaji a tsakar gida ko a lungu inda yara ke wucewa.

Har yanzu ina buga PUBG da dare. Sai dai Asabar mai zuwa ina da alƙawari da allon nan, so nake in ga ko kibau shida za su sake taruwa, ko kuwa sa'a ce na taka.