Wasiƙa Ga Manyan Ma'aikatan Ruwa na Hawata da Kewaye



Mai wannan wasiƙa tsohon ma'aikacin ruwa ne da ya ajiye aiki, kuma godiya zai fara yi. Tun da yaƙi ya ɓarke a Sudan ranar 15 ga Afrilu 2023, sannan Wad Madani ta faɗi a Disamba, Sinja ta bi baya a tsakiyar 2024, jama'a suka yi ta kwararowa jihar Gadarif. Masu sha suka ƙaru, man dizal ya yi tsada, kayan gyara suka yi wuya, amma ma'aikatan ruwa suka tsaya kan injuna dare da rana. Allah ya saka musu da alheri.

Abin da ya sa shi ɗaukar alƙalami shi ne daftarin kulorin. Ya buɗe shi a tashoshi fiye da ɗaya, ba zai ambaci suna ba, ya tarar da lamba guda, 0.5, ta sauka daga kan shafi har ƙasa, safe da yamma, rani da damina, da hannu ɗaya da tawada ɗaya. Duk wanda ya taɓa riƙe kwalbar awo ya san ruwa ba ya zama haka. Garin kulorin yana rage ƙarfi idan ya daɗe a zafin sito. Ruwa mai laka yana cinye shi. Doguwar tafiya cikin bututu tana ƙarar da shi. Lambar da ba ta motsi a kujera aka rubuta ta.

Awon kuwa ba ya cin minti biyar: a ɗebi ruwa, a jefa ƙwayar gwaji, a jira ya yi ja-ja, a gwada da ma'aunin launi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a samu miligiram 0.5 a kowace lita bayan minti 30 da zuba maganin, kada kuma ya gaza 0.2 a famfon ƙarshe. A lokacin annoba ana ɗaga shi, musamman a tankokin da ke kai wa 'yan gudun hijira.

Hawata ba wurin da za a yi wasa da wannan ba ne. Kogin Rahad yana saukowa daga tsaunukan Habasha da damina jajir da laka, da rani ya tsinke ya bar kududdufai. Ƙasar yankin baƙar laka ce, tana kumbura da ruwan sama, tana tsagewa da rani, tana murɗe mahaɗin bututu. Idan injin ya tsaya, ƙarfin ruwa ya faɗi, bututun da ya tsage sai ya zuƙo abin da ke kewaye da shi, a garin da kowane gida masai yake da shi, ambaliya kuma tana cika masai ta tumbatsa. Ko ruwan ya fito daga rijiyar burtsatse tsarkakakke, kulorin da ya rage a cikinsa ne kaɗai ke tare shi a hanya, har zuwa gangar mai keken jaki da jarkar uwar gida. Ranar 26 ga Satumba 2023 aka ayyana ɓarkewar kwalara a jihar Gadarif, a Agusta 2024 ta sake dawowa gabashin ƙasar.

Wasu ustoci, wato manyan ma'aikata, suna cewa idonsu ya ishe su: ruwan fari tas, ba wari, ba ɗanɗano. Marubucin ya san inda wannan ya samo asali. A Ahalari da Risala aka koya wa kowa duba launi da ɗanɗano da warin ruwa, kuma malaman sun yi daidai, don hukuncin alwala suke bayani. Ƙwayar kwalara ba ta sauya ko ɗaya daga cikin ukun. Famfon titin Broad a Landan, wanda likita John Snow ya sa aka cire wa hannu a 1854, mutane daga nesa suke aikowa a ɗebo musu ruwansa saboda daɗinsa.

A garin Walkerton na Kanada, a watan Mayu 2000, ruwan sama ya wanko kashin shanu cikin rijiyar gari. Mutum 7 suka mutu, kusan 2,300 suka kwanta. Bincike ya gano manyan ma'aikatan tashar, masu shekaru da yawa a aiki, sun daɗe suna rubuta awon kulorin da ba su yi ba. Da sun auna a waɗancan kwanakin, da sun ga maganin ya ƙare tun kafin a fara kai yara asibiti.

Ustan da ya koya wa marubucin aiki, Allah ya ji ƙansa, ba ya barin yaro ya taɓa alƙalami sai ya nuna masa kwalbar a hannu. Ranar da awo ya nuna sifiri, sifiri yake rubutawa da jan biro, ya hau keke ya kai labari ofis da kansa, ko za a yi masa faɗa. Irinsu sun yi ƙaranci, kuma abin yana yi wa mai wasiƙar ciwo. Yau babba yana zaune, yana aiken sabon yaro ya cika shafi, yaron kuma yana koyon cewa haka ake aiki. Wannan cin amana ne, ba shi da wani suna. Mutumin da ke karɓar albashi don tsare ruwan da jarirai ke sha, ya sa hannu kan abin da bai gani ba, ya yi shaidar zur.

A yi wa tsoho afuwa idan harshe ya yi kaifi. Ya san akwai watannin da ƙwayar gwaji ke yankewa, garin kulorin bai iso ba, albashi ma ya makara. Roƙonsa shi ne a irin wannan rana a rubuta “babu ƙwaya” ko “babu magani” a gurbin lamba, da kwanan wata da sa hannu, don da wannan shafin ne shugaban tasha zai je wurin ma'aikatar lafiya da ƙungiyoyin agaji ya nemi kaya. Idan kayan sun samu, babban usta ya ɗauki yaro su tafi famfon da ya fi nisa da tanki, su auna tare, musamman washegarin ruwan sama da bayan kowane gyaran bututu.

Wassalam, daga ɗan'uwanku a sana'a.